Buhun da Na Rage wa Nauyi a Kwatarkwashi

Ku ɗaliban da kuke zuwa ƙofar gidana a Tudun Wada da kwamfuta a jaka, na ga yadda kuke aikinku. Mutum ya zuba lambobinsa, ya danna wuri ɗaya, amsa ta fito, ya ce ya kwatanta rukuni biyu ya gama. In na tambaye shi me ya sa ya danna nan bai danna can ba, sai ya ce haka ya ga abokinsa ya yi. To ni malamin awo ne. Shekara talatin da wani abu na yi ina auna amfanin gonakin gwaji tsakanin Gusau, Tsafe da Bungudu, kuma karatuna bai wuce elementare aji huɗu ba. Abin da na sani game da zaɓen gwaji ba a aji na koye shi ba. Laifi na yi, a kan laifin aka koya mini.

Aikin farko da aka ba ni, a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin, shi ne auna buhun da babu kome a cikinsa. Maigidana Malam Na'Allah, tsohon malamin awo na ofishin gona a Gusau, shi ya miƙo mini buhun algarara ya ce in rataya a sikeli. Na rataya, na faɗi nauyinsa. Ya yayyafa masa ruwa ya ce in sake. Nauyi ya ƙaru. Ya ce, "To ka gani. In ka auna gyaɗar mutum da safe cikin buhun da ya sha raɓa, raɓa ka auna masa." Mako guda na yi ina auna buhunan wofi kafin ya yarda in taɓa gyaɗa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowane da ladabinsa. Sikeli mai ƙugiya ne, ana rataye shi a tsakiyar sanduna uku da aka ɗaure kawunansu. Dole ka durƙusa ko ka miƙe har idonka ya daidaita da allura, don in ka karanta daga gefe sai ka ƙara wa manomi ko ka rage masa. Akwai sarƙar awo ta ƙarfe, da turaku, da igiya, da su muke yanke fili yadi ashirin a tsaye, goma a kwance, a tsakiyar gonar mutum. Akwai littafin fili da ake rubutu da fensir saboda ruwa, da keke. A ofis kuma akwai injin lissafi guda ɗaya mai hannu ana juyawa, yana ƙara kamar injin ɗinki, ba mai taɓa shi sai babban akawu. Dokar Malam Na'Allah ɗaya ce a kan kome: in allura ta tsaya, ka faɗi lambar da ƙarfi a gaban mai gona, sannan ka rubuta.

Masu zuwa wurinmu ɗalibai ne daga makarantar koyon aikin gona. Kada ku zaci yara ne. Magidanta ne, wasu da 'ya'ya. A shekararsu ta ƙarshe ana turo kowane da tambaya ɗaya, ya yi damina guda a kanta, ya rubuta rahoto. In rahoto ya tsaya, a ba shi takarda ya zama malamin gona. In bai tsaya ba, shekarun da ya yi a makaranta sun tafi. Mu ne ƙafarsu, mu ne hannunsu. Na ga iri-iri. Akwai wanda ba ya son rana, akwai wanda ke gardama da manomi a kan gonar da manomin ya gāda. Amma ina son aikin ƙwarai, don duk shekara da sabuwar tambaya. Ranar awo kuwa kamar ranar kokawa take, ƙauye ya taru a ga gonar wa za ta kā da ta wa.

Malam Isyaku, ɗaya daga cikin ɗaliban nan, ya zo mana a shekarata ta uku. Mutumin Tsafe ne, dogo, mai yawan dariya, ya girme ni da kamar shekara bakwai. Tambayarsa ita ce ko takin zamani, wanda a lokacin ake kira takin Bature, yana ƙara wa gyaɗa 'ya'ya a gonakin talakawa. Muka yanke filaye arba'in, ashirin da taki, ashirin babu. Da kekuna muka zagaye su har tayoyi suka sha faci. Yana tafe yana ce mini, "Garba, wannan takin in ya ci, ni da kai za a riƙa nunawa a kasuwar Gusau."

Sai ruwa ya ɗauke. Gyaɗa ta fara fure ke nan sama ta bushe, aka yi makonni ba ɗigo. Wasu filayen suka ƙone ƙurmus. Wasu manoman suka cire turakunmu suka tone abin da ya samu kafin mu zo, ba kuma za ka ga laifinsu ba. Awaki suka gama da wasu. Da kaka ta yi, filayen da suka rage da turakunsu a tsaye goma sha shida ne cif, takwas masu taki, takwas marasa taki.

Ranar da za a auna na ƙarshe muka rabu. Malam Isyaku ya tafi Tsafe da sikelin aro, ni na tafi Kwatarkwashi gonar wani dattijo, Baba Ɗangwaggo. Filinsa cikin marasa taki yake. Gonar tana gindin dutse, duk ɗan ruwan da ya sauka kan dutsen nan wurinta yake gangarowa, kuma da rani Fulani sun sauka da shanunsu a wurin. Mu ba mu tambaya ba lokacin yankan fili, shi ma bai faɗa ba. Sauran filaye marasa taki suna ba da laba tara, goma sha ɗaya, goma sha biyu. Na rataya buhun Baba, sanduna suka yi ƙara. Na durƙusa na duba, na sake dubawa, na faɗa da ƙarfi kamar yadda aka koya mini: "Laba arba'in da ɗaya."

Baba ya cire hula ya mayar. Ya juya wurin mutane ya ce, "Kun dai jiya da kunnenku. Ba ni na hwaɗi ba, sikelin gwamnati ya hwaɗi. Ku masu takin Bature, ina naku?"

Ga inda laifina ya fara. A lokacin na iya rabawa, ina kuwa ji da kaina a kan haka. Kafin in kai wa Malam Isyaku littafi, na zauna a inuwar ofis na haɗa lambobinsa na Tsafe da ya aiko da nawa, na fitar da matsakaici, wato a tara nauyin rukuni duka a raba da yawan filayensa. Masu taki suka tashi laba goma sha biyar. Marasa taki suka tashi goma sha biyar saura kaɗan. Ke nan taki bai yi kome ba. Amma ni na ga gonakin da idona, na san taki ya yi aiki. Buhun mutum ɗaya ne ya ɗauki sauran bakwai a kafaɗa ya ɗaga su. Na ce wannan ai zalunci ne, damina guda ta bawan Allah ta tafi saboda shanun Fulani. Na ɗauki abin goge fensir na goge arba'in da ɗaya, na rubuta goma sha huɗu. Da gangan na zaɓi wannan lambar. Na ce in an kama ni, sai in ce hannu ne ya juya huɗu da ɗaya. Kun ga ba rage nauyi kawai na yi ba, har ƙaryar da zan kare kaina na tanada.

Malam Isyaku ya kwafe lambobin da tawada da hannunsa, ya sa hannu a ƙasa cewa awo daidai ne. Babban akawu ya juya masa inji, bambanci ya fito fes. Malam Isyaku ya saya mini tsire a tasha.

Bayan mako uku malaminsu na lissafi ya sauka daga jirgin ƙasa don ya duba aikin ɗalibai. Malam Yohanna sunansa, Kirista ne daga kudancin lardin Zariya, gajere mai tabarau, Hausarsa kamar ta Bakano. Al'adarsa ita ce ya rufe ido ya ɗora yatsa a kan jerin filaye, inda yatsa ya faɗa can za a je. Allah da ikonsa, yatsa ya faɗa Kwatarkwashi.

Muka sauka daga mota mu uku. Malam Yohanna ya tambayi wani mai fawa gidan Ɗangwaggo. Mutumin ya ce, "Wane Ɗangwaggo? Au, Arba'in-da-ɗaya kaka nuhi? Ga shi can gindin tsamiya."

Ashe tun ranar awo sunan ya bi shi. Baba ya tashi ya tarbe mu, ya kama hannuna ya ce wa baƙo, "Ga yaron da ya auna. Ɗana, hwaɗa mishi nawa ta yi."

Malam Yohanna ya buɗe rahoto ya duba, ya rufe. Bai dube ni ba. Sai ya dubi Malam Isyaku. Ya ce, "Isyaku, hannun wa ke nan?"

"Nawa ne, Malam."

"Sa hannun fa?"

"Nawa ne."

"Kana nan aka auna?"

Malam Isyaku ya ce ba ya nan. Malam Yohanna ya ce ran Litinin zai rubuta wa makaranta. Ɗalibin da ya sauya lamba kora ce, babu wata magana. Wannan ranar kuwa Laraba ce. Ina tsaye da littafin fili a aljihuna, gurbin gogewa yana ciki, ban ce uffan ba. Muka hau mota muka koma Gusau, ban ce ba. Alhamis ta zo ta wuce ina wanke buhuna, Malam Isyaku yana zaune a baranda yana juya takardunsa yana neman inda ya yi kuskuren kwafi. Ya tambaye ni sau ɗaya, "Garba, ko ni na juya lambar?" Na ce Allah ne masani.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi Malam Na'Allah har zaurensa na faɗa masa. Bai zage ni ba. Ya karɓi littafin ya ɗaga shafin ga hasken ƙofa, gurbin arba'in da ɗaya ya fito a jikin takarda kamar tambari. Ya ce, "Ko gogewar ba ka iya ba. Tashi mu tafi."

Muka samu Malam Yohanna a barandar ofis da Malam Isyaku. Na durƙusa na faɗi abin da na yi, har da dalilin da ya sa na zaɓi goma sha huɗu. Malam Yohanna ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce, "Me ya sa?" Na ce buhu ɗaya ne ya ɓata matsakaici.

Ya ce, "Ka yi gaskiya a nan, buhu ɗaya ya ɓata matsakaici. Sai ka ce bari ka gyara buhu. Bai zo maka ba cewa matsakaicin ne bai dace da wannan aikin ba? Kawo tabarma."

Abin da ya biyo baya shi ne abu mafi daɗi da na gani a duk aikina, ko da yake a durƙushe na gan shi. Ya yayyaga takarda gida goma sha shida, ya sa Malam Isyaku ya rubuta nauyin kowane fili a kan guda, na Baba da lambarsa ta gaskiya. Ya aika aka kawo gyaɗa takwas da tsakuwa takwas. Takardar mai taki a ɗora mata gyaɗa, ta marar taki a ɗora mata tsakuwa. Ya ce mini, "Kai mai son gyara, jera su daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi. Kada ka kula da rukuni."

Na jera. Da na ɗaga kai na dubi layin, sai ga abin da idona ya gani a gona ya fito a tabarma. Tsakuwa shida a jere a ƙasa. Sannan gyaɗa ɗaya, tsakuwa ɗaya. Sannan gyaɗa bakwai suna bin juna. A can ƙarshe tsakuwar Baba Ɗangwaggo ita kaɗai.

Malam Yohanna ya ɗora yatsa a kanta ya ce, "Wannan ta nawa ce a layi?"

Na ce, "Ta goma sha shida."

"In laba ɗari ta yi fa?"

"Ta goma sha shida."

"In dubu?"

Malam Na'Allah ya yi dariya ya ce, "Ko giwa aka rataya, ta goma sha shida ce."

Malam Yohanna ya ce, "To kun gani. A matsakaici, buhu mai ƙarfi yana jan kowa. A jeri, wuri ɗaya gare shi kamar kowa. Yanzu mu haɗa su kokawa." Ya ce kowace tsakuwa ta kara da kowace gyaɗa, takwas sau takwas, karo sittin da huɗu ke nan. A ƙirga sau nawa tsakuwa ta fi gyaɗa nauyi. Shidan ƙasa ba su kā da kowa ba. Ta bakwai ta kā da gyaɗa ɗaya. Ta Baba ta kā da duka takwas. Tara ke nan cikin sittin da huɗu. Ya ce da taki ba ya kome, da tsakuwa da gyaɗa sun cakuɗe a layi, kowane ɓangare ya ci kusan rabi. Ya zaro wata 'yar takarda daga jakarsa mai layukan lambobi, ya ce wannan hanyar ba ta daɗe da fitowa ba, shi ma bara ya koya. Ya bi layin takwas da takwas da farce, ya ce in abin da ɓangare mai rauni ya ci bai wuce goma sha uku ba, da wuya a ce sa'a ce kawai ta jera su haka.

Malam Isyaku ya miƙe tsaye, ya sake zama. Ya ce, "Malam, ke nan da lambar gaskiya ma taki ya ci?"

"Ya ci. Babu wanda ya buƙaci a rage wa tsoho gyaɗarsa."

Tun daga ranar na riƙa tambaya, duk malamin da ya zo sai na tsare shi. Ga abin da na tara, a bakin mai aji huɗu. Malamanku suna da sunayen Turanci da suke kiran waɗannan gwaje-gwaje, ni gwajin matsakaici da gwajin jeri na sani.

Kafin ka danna kome, jera lambobinka ka dube su da ido. In suna da yawa, kuma sun taru a tsakiya suna raguwa ta gefe biyu kamar tsibin gyaɗa, yi gwajin matsakaici, ya fi gani, don yana amfani da kowace laba. Jeri yana zubar da wani abu: bai san ko na goma ya fi na tara da laba ɗaya ko da ashirin ba. Kada ka gudu wurinsa don kawai ya fi sauƙi. Amma in filayenka kaɗan ne kamar namu na shekarar fari, kuma lambobin sun karkata gefe guda, ko akwai wani Ɗangwaggo a ciki, to jeri ne abokinka.

Wuri na biyu da jeri ke da amfani, na koye shi a kan wani kuskuren nawa, bayan shekaru. Wani ɗalibi yana duba cutar nan mai nannaɗe ganyen gyaɗa, muna rubuta babu, kaɗan, da yawa, ta gama da shi. Na sa musu ɗaya, biyu, uku, huɗu, na tara na raba, na ce wannan gona cutarta biyu da rabi. Aka tambaye ni wane sikeli ya nuna mini cewa tazarar babu da kaɗan daidai take da tazarar da yawa da mutuwa. Babu. Abin da kawai na sani shi ne wannan ya fi wancan. Duk abin da ido ko baki ya jera, ba sikeli ya auna ba, kamar takardunku na tambayoyi masu na yarda, na yarda ƙwarai, ban yarda ba, ku yi tunanin gwajin jeri. In rukuni uku ne ko huɗu, akwai nasa, duk a layi ɗaya ake jera su. In kuma gona ɗaya ce aka auna bara aka sake aunawa bana, wannan ba rukuni biyu ba ne masu zaman kansu, shi ma da nasa daban.

Sai abu biyu da Malam Yohanna ya faɗa a kan tabarmar nan. Ya ce gwaji ana zaɓensa ne don yanayin lambobi, ba don amsar da kake so ba. Wanda ya gwada wannan bai ba shi ba, ya gwada wancan, har ya samu mai faɗa masa abin da yake so, ɗan'uwana ne ni Garba, abin goge fensir ɗinsa ne kawai ya fi nawa tsada. Ya kuma ce da mun rubuta a fili cewa gonar Baba makwancin shanu ce a gindin dutse, muka nuna sakamako da ita da kuma babu ita, ba wanda zai ce mun yi laifi. Ɓoyewa ce laifin.

Wasiƙar Litinin ba ta tafi yadda aka shirya ta ba. Malam Isyaku ya sake rubuta rahotonsa daga farko, da arba'in da ɗaya a wurinta, da bayanin dutse da shanu. An rage masa maki don ya sa hannu a kan awon da bai gani ba. Ni kuma Malam Na'Allah ya raba ni da littafi damina guda, na koma jan sarƙa da ɗaukar sanduna.

Da bazara Malam Isyaku ya dawo Gusau da takardarsa a cikin kwali, an tura shi Bungudu malamin gona. Ya ce a wurin jarrabawar baki, rabin lokacin a kan jerin nan aka tsare shi, har ya roƙi a ba shi tsakuwa ya nuna musu a kan tebur. Yana ba da labari yana dariya, muna dariya. Da mutane suka watse ya rage ni da shi a baranda, na ce masa ya yafe mini.

Ya ce, "Lambar da ka goge, na yafe tun ranar. Don ni ka yi, ko da wauta ce." Ya ɗaure kwalinsa a bayan keke, ya ja igiyar ya ƙulle. "Amma Laraba da Alhamis ɗin nan, Garba. Na tambaye ka ko ni na juya, ka ce Allah ne masani. Su ne ban san inda zan ajiye su ba."

Mun yi aiki tare shekara goma sha ɗaya bayan haka. Bai sake ɗaga maganar ba, ni kuma har ya rasu ban samu abin da zan ce masa ba.